Ƙidayar Cokali: Yadda Ake Rage Sukari a Abin Sha

Duk wanda ya yi aikin awon jini da awon sukari a asibitocin karkara na ƙasar Gwandu, daga Masama zuwa Kambaza da Dalijan, ya san abin da ke biyo baya idan aka ce wa mutum ya rage ƙiba. Tuwo yake fara hukuntawa. Mai cin malmala biyu ya koma ɗaya, ya wuni da yunwa yana fushi da iyali, bayan wata biyu ya dawo tumbin na nan inda aka bar shi. In ka tambaye shi abin da yake sha, sai ya ce, "Haba likita, ai sha ba ci ba ne." To a nan matsalar take. Mutanenmu suna lissafin abin da suka tauna, ba sa lissafin abin da suka kurɓa, alhali a gidaje da yawa sukarin da ke shiga jiki ta kofi da kwalba da ludayi ya fi wanda ke shiga ta kwano. Saboda kuskuren iri ɗaya ne kullum, na ga gara in rubuta hanyar da nake bi da mutane, mataki-mataki. Na yi magana da "ka" don sauƙi, amma da ke ma nake, uwargida, tunda cokalin gidan a hannunki yake.

Kayan aiki

Ba tsada gare su ba. Ƙaramin cokalin shayi guda ɗaya, wanda za a ware don awo. Kofi ko moɗa guda da ka san girmanta. In kana shakka, juye ledar fiyawata mai 50cl a ciki ka ga inda ruwan ya tsaya. Littafin makaranta da biro, ko ƙwayar wake da gwangwani ga wanda ba ya rubutu. Igiya mai tsawon da ya kai tsayinka, ko abin awon tela. Sai randa ko jarka mai murfi ta ruwan sha mai tsabta.

Akwai kuma lambobi uku da za ka riƙe. Cokalin shayi ɗaya, a shafe ba a cike da tozo ba, kimanin giram 4 ne na sukari. Ƙwayar sukari ta kwali, irin St. Louis, ta ɗan fi haka, wajen giram 5. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana. Ga babban mutum wannan na nufin kusan giram 50, wato cokali 12, kuma hukumar ta ce in an iya saukowa zuwa rabin haka, cokali 6, ya fi. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna cikin wannan lissafi.

1. Fara da awo

Kafin ka rage komai, san inda kake. Auna igiya daidai tsayinka daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, yanke, ninka ta biyu, sannan ka zagaya ta a cikinka, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajen saman cibiya kaɗan. Kana tsaye, ka saki numfashi, ba ka tsuke ciki ba. Idan bakunan igiyar sun haɗu, madalla. Idan sun ƙi haɗuwa, kewayen cikinka ya wuce rabin tsayinka, kuma kitse ya fara taruwa inda ya fi illa. Mai abin awon tela ya duba: namiji daga inci 37, mace daga inci 31 da rabi, an fara shiga haɗari.

Na fi son igiya da sikeli saboda sikeli bai san bambancin tsoka da kitse ba. Manomin shinkafa a fadama yana iya yin nauyi, amma nauyin aiki ne. Wani kuma siriri ne a hannu da ƙafa, ga teɓa a gaba, kuma wannan kitsen na ciki, mai naɗe hanta da hanji, shi ne abokin tafiyar ciwon suga da hawan jini. Mai juna biyu ba ta cikin wannan awo.

2. Yi mako guda kana ƙirgawa, ba tare da ka canza komai ba

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, su ce ai sun san abin da suke sha. Ba su sani ba. Kwana bakwai, duk abin da ya wuce maƙogwaro in ba ruwa ba ne, rubuta shi da adadin cokalin da ke ciki, ko ka jefa ƙwayar wake ɗaya a gwangwani a madadin kowane cokali. Kada ka gyara hali a wannan makon don lissafi ya yi kyau. Kanka za ka yaudara.

Na gida mai sauƙi ne, a zuba da cokalin awo maimakon a kwarara daga leda. Na teburin mai shayi sai ka sa ido, domin cokalinsa babba ne kuma da tozo yake ɗebowa, ɗaya nasa yana iya zama biyu ko uku naka. Ka tuna kuma Milo da Bournvita da sukarinsu suke zuwa tun daga kamfani, haka madarar nan mai kauri mai zaƙi ta gwangwani.

Na kwalba kuwa sai an karanta takardar da ke jiki. Nemi layin sukari, za ka ga lamba da harafin g, yawanci a kan kowane 100ml. In ba ka karanta Turanci, ɗan makarantar gidanku zai nuna maka. Lemon kwalba da yawa suna da giram 10 zuwa 11 a kowane 100ml. Kwalba mai 50cl ninki biyar ke nan, giram 50 da ɗoriya. Raba da huɗu, ka sami cokali 13. Kwalba ɗaya ta cinye rabonka na yini har ta ci bashi. Mai 35cl kuwa wajen cokali 9. Kamfanoni suna canza haɗi lokaci-lokaci, don haka takardar da ke hannunka ita ce hujja.

Ga misalin yinin mai shago: kakkauran shayi da safe cokali 4, lemo mai sanyi da azahar 13, fura da la'asar 3, ataya zagaye uku bayan isha'i 6. Jimla 26, sama da giram 100. A shekara kusan kilo 38 ke nan, kashi uku cikin huɗu na buhun sukari mai kilo 50, mutum ɗaya, kuma bai tauna ko ƙwaya ba.

Dalilin da ya sa na sha ya fi na ci ɓarna shi ne ciki ba ya lissafa shi a matsayin abinci. Abin da aka tauna yana daɗewa a tumbi, ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Ruwan zaƙi wucewa yake da sauri, ya tashi sukarin jini, ya bar ka da yunwarka. A 2000 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka sun ba mutum 15 ƙarin sukari kullum na tsawon mako huɗu a matsayin alewa, sannan wani mako huɗun a matsayin lemo. Lokacin alewa, mutanen sun rage sauran abincinsu da kansu ba tare da an ce su rage ba. Lokacin lemo ba su rage ba, nauyinsu ya ƙaru. Ban da haka, rabin sukarin da muke saya wani nau'i ne da hanta ce ke sarrafa shi, kuma in ya yi mata yawa sai ta mayar da shi kitse.

3. Kama babban, ƙyale ƙananan tukuna

Duba lissafinka ka ga wanne ya fi kawo cokali. Shi kaɗai za ka taɓa a mako biyun farko. Ga yawancin matasa da 'yan kasuwa lemon kwalba ne, ga dattawa shayi ne ko fura, ga yara kuwa zoɓon leda da ƙanƙarar zaƙi ta ƙofar makaranta. Wanda ya ce daga gobe ya bar komai da komai, da wuya ya kai Juma'a.

In lemo ne, mai sha kullum ya koma sau biyu a mako, mai shan babbar kwalba ya koma ƙarama, har ya zama abin biki da suna. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a Dokar Kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. A ganina naira 5 a kan kwalba ba ta hana kowa sha ba, don haka kada ka jira gwamnati ta yi maka wannan aikin.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne sauya lemo da maltina da 'yan uwanta, wai suna ƙara jini. An gudu ba a tsira ba. Karanta takardarsu, sukarinsu yana kai na lemo, kuma ba maganin ƙarancin jini ba ne, ko da an haɗa da madarar gwangwani kamar yadda ake yi wa mai jego da mara lafiya. Haka lemon kwali mai hoton 'ya'yan itace. Haka zuma da mazarƙwaila: sun fi farin sukari ƙamshi, amma wajen jini da hanta zaƙi zaƙi ne. In lemon zaƙi ko kankana ko mangwaro kake marmari, sha ɗan itacen kansa da tsokarsa, ya fi a matse shi a kofi.

Abubuwan sha na ƙara kuzari, irin su Fearless da Predator, da 'yan kabu-kabu da direbobin hanyar Jega da ɗalibai lokacin jarrabawa suka riƙa, suna haɗa sukari da sinadarin hana barci, irin wanda ke cikin goro da kofi. Wanda ya sha biyu, ya ci goro, ya rufe da ataya, kada ya yi mamakin bugun zuciya da rashin barci. Mai hawan jini, da mai juna biyu, da yaro, su nisance su gaba ɗaya.

4. Sauke cokalin shayi a hankali

Harshe yana sabo. Mai cokali huɗu ya koma uku na mako ɗaya ko biyu, sannan biyu, sannan ɗaya. In ka yi tsalle daga huɗu zuwa babu, shayin zai yi maka ɗaci ka koma gidan jiya. In ka bi sannu, wata rana za a haɗa maka irin na da ka kasa shanyewa. Citta da kanumfari da na'ana'a suna cike gurbin da zaƙi ya bari. A wurin mai shayi, faɗi adadin da bakinka tun kafin ya ɗaga cokali: "Malam, ɗaya kacal, a shafe." Za a yi maka ba'a a benci kwana biyu, a ce talauci ne ko tsufa, daga nan a manta.

Ataya ta fi wuya don ba kai kake zuba naka ba, a buta ake haɗawa. Abin da ya fi aiki shi ne ka karɓi zagaye ɗaya ka tsallake sauran. Wani abu kuma da ya shafi mata musamman: ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, wanda da shi ake gina jini. Mai ciki ko mai ƙarancin jini ta bar tazarar awa guda ko fiye tsakanin cin abinci da shan shayi, kuma kada ta haɗiye ƙwayar ƙarin jini da shi.

5. Fura da kunu: lissafa su cikin abinci

Nan nake saɓawa da masu cewa a bar fura. Fura gero ce da nono da kayan yaji, abinci ce cikakkiya da ta riƙe kakanninmu a gona da tafiya. Wanda ya wuni yana dashen albasa ko yankan shinkafa, ƙwaryar fura haƙƙinsa ce. Matsalar ita ce mai zaman shago ko ofis da zai ci shinkafa da miya, ya ɗora fura a kai a matsayin abin sauke abinci. Ya ci abincin rana sau biyu bai sani ba. Ƙa'idar ita ce in fura ce, fura ce kaɗai a wannan lokacin, nono ya fi yawa, sukari cokali ɗaya ko babu. Haka kunun gyaɗa da koko da kunun tsamiya, karin kumallo ne, ba ruwan kashe ƙishi ba.

Kunun zaƙi yana da wata dabara da masu gaggawa suka watsar. Ɗanyen dankalin Hausa ko tsiron hatsi da ake niƙawa a zuba cikin ƙullun bayan an dama wani kaso da tafasasshen ruwa, aikinsu shi ne su narkar da garin geron ya koma zaƙi da kansa. In an ba shi lokaci ya kwana, kunun yana fitowa da zaƙinsa, sukari kaɗan ya ishe shi. In aka yi sauri, sai a rufe gibin da gwangwanin sukari. Mai ciwon suga dai ya sani cewa ko ba a sa ƙwaya ɗaya ba, kunun zaƙi da tataccen koko suna tashin sukarin jini da sauri. Ƙaramin kofi, kuma tare da ƙosai ko wani abin taunawa.

Game da nono, a tafasa madarar shanu kafin a kwantar da ita ta zama kindirmo. Ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ke kama gaɓoɓi. A kula kuma da ruwan da aka tsinka nono da shi, da ƙanƙarar da aka jefa.

6. Haɗa naka zoɓon

In ka cire lemo ba ka ajiye wani abu a gurbinsa ba, zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura 40, zai mayar da kai gaban firij ɗin mai shago. Ruwa shi ne na farko, kuma ruwan randa mai sanyi ya wadatar. Alamar ka sha isasshe ita ce fitsari ya fito fari-fari, ba ja ba. Amma baki yana son ɗanɗano, shi ya sa nake koya wa mutane zoɓo.

Cikin gwangwanin madara biyu na busasshen zoɓo ya ishi lita uku na ruwa. Tsince shi, ɗauraye da ruwan sanyi sau biyu don fitar da yashi, da sauri, kada launin ya tafi. Zuba a tukunya da dakakkiyar citta da kanumfari kaɗan da ɓawon abarba da aka wanke sosai. Ya tafasa minti 15 zuwa 20, sauke, rufe, ya huce, tace. Tafasawar ba don launi kaɗai ba ce, ita ce ke kashe ƙwayoyin cuta, don haka kada a tsinka shi daga baya da ruwan da ba a amince da shi ba. Sukari kuwa kada a zuba a tukunya. Kowa ya sa a kofinsa da cokalin awo, ɗaya ya isa. Ana zubawa a tukunya lissafi ya ɓace.

Hattara da abu uku. Na ɗaya kanwa, da wasu ke jefawa don kashe tsami: danginta ɗaya da gishiri, ba ta dace da mai hawan jini ba. Na biyu garin ɗanɗano da ɗan tsami da ake aunawa a ƙulle a leda babu suna babu lambar NAFDAC. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu suna fitsarin jini, aka kuma rasa rayuka, bayan shan abin sha da aka haɗa da irin wannan gari; binciken NAFDAC ya gano wani sinadarin masana'antu ne aka sayar da sunan ɗan tsami. In tsami kake so, ga tsamiya, ga lemon tsami. Na uku tsofaffin robobi da ake tsintowa a ɗura. A shekarar 2021 ɗin nan kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kebbi na cikin jihohin da ta shiga. Roba sai an wanke da sabulu ciki da baki, kuma zoɓon da ba ya cikin sanyi a shanye shi a ranar.

Gaskiya ne zoɓo yana ɗan sauke hawan jini. Wani bincike na Jami'ar Tufts da aka buga a 2010, a kan mutum 65, ya nuna masu shan kofi uku a rana na mako shida lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7. Taimako ne, amma bai kai a ajiye magani ba, kuma wanda ya ajiye ƙwayarsa ya kama zoɓo yana wasa da shanyewar ɓarin jiki.

7. Azumi, yara, da waɗanda wannan tsari bai hau kansu ba

Da azumi ake rushe aikin wata goma sha ɗaya. A faranti ɗaya ga zoɓo, ga kunun aya, ga lemo, ga shayi, kowanne da zaƙinsa, a kan cikin da ya wuni babu komai. Buɗa baki da dabino da ruwa, yi sallah, sannan ka zaɓi abin zaƙi guda ɗaya. Da sahur ruwa da kunu ko fura marar sukari sun fi riƙe mutum. Zaƙi da asuba yunwa da ƙishi yake kawowa kafin hantsi.

Jariri har wata shida nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba ya buƙata. Kada a ba shi zuma kafin ya cika shekara. Yaro ƙasa da shekara biyu ba a sa masa sukari a kunu; a sa gyaɗa ko waken suya ko madara. Yaron da ke gudawa ba a ba shi lemon kwalba, yawan sukarin yana jawo ruwa cikin hanji ya ƙara zawon. A ba shi haɗin gishiri da sukari na leda da ake samu a asibiti da kemis, da ƙwayar zinc. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari cokali 6 a shafe, gishiri rabin cokali.

Ramammen yaro, da tsoho marar cin abinci, da mai shayarwa, ba su ake wa maganar rage fura da kunu ba. Su ƙari suke buƙata. Sai dai ƙari da abinci, ba da ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe da 'yan mata ke saye kafin biki ba, waɗanda wasunsu kumbura jiki suke yi su kuma tayar da ciwon suga da hawan jini.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide ya shawarci mai duba shi kafin ya yi babban canji, domin sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa. Alamunsa rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri da ruɗewa. Ya riƙa yawo da ƙwayar sukari uku ko huɗu a aljihu saboda irin wannan lokaci. In ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa.

8. Sake awo bayan wata uku

Ɗauko igiyar nan, sake ƙirga cokali na mako guda, kwatanta da na farko. Kada ka riƙa awo kullum, jiki ba ya nuna canji a kwana uku. In cokali ya sauko ƙasa da 12 amma igiya ba ta motsa ba, to lokacin duba kwanon tuwo da mai da yawan zama ya yi.

Akwai alamun da ba a jira wata uku da su: ƙishi marar yankewa, yawan fitsari da dare, rama ba dalili, gani dishi-dishi, ƙafa tana dindiris, ko miki da ya ƙi warkewa. Awon sukarin jini kafin karin kumallo da ya kai 7.0, ko 126 a wasu na'urorin, ko awon jini da ya kai 140 bisa 90 a rana daban-daban, yana buƙatar likita. Daga nan yankin, bayan asibitin da ke kusa da kai, akwai babban asibitin jiha da ke Kalgo da Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Ranar awon sukari ka je da sassafe, awa takwas ba ka ci komai ba. Ruwa zalla ya halatta, amma shayi da koko suna ɓata sakamakon, ko da kurɓi ɗaya ne a tasha.